Kujerar da Na Hana Baba Ronke

Ni ne Muraina, mai ɗinkin kujerun mota da na babur a Mokola, cikin Ibadan. Sau uku Baba Ronke yana kawo mini kujerar sabon babur ɗinsa in rage mata tsawo, kuma ko sau ɗaya ban karɓe ta da daɗin rai ba. Mutum ya kai shekara hamsin da tara, ga shi gajere, ya tashi ya sayo abin da sai ya yi ɗage kafin babban yatsansa ya taɓa ƙasa. Haba jama'a!

Sunansa Olaniyan Fadairo, amma tun da aka haifi 'yarsa ta fari ba wanda ya ƙara kiran sunan. Ya girme ni da shekara huɗu, shi ya sa Egbon nake ce masa, wato yaya da Yarbanci, ko da yake rabin hirarmu faɗa ne. Shagonsa na buga takardu yana kallon nawa. Yana ɗan shekara sha huɗu ya shiga sana'ar, tun zamanin da ake jera haruffa da hannu. Katin biki, kalandar mamaci, takardun coci, duk shi ne. Ƙarar inji ta kashe masa kunnen hagu, sai ka zagayo ta dama kafin ya ji ka sosai. Kuma mutum ne da ba ya iya zama. In ya koma gida, ya ci abinci, ya kunna rediyo, kafin matarsa ta wanke hannu ya fara minshari.

Tsohon babur ɗinsa kuwa, kowa a unguwa ya san shi. Irin mai kwanciyar nan ne, dogo, mai nauyi, kujerarsa ƙasa-ƙasa, ka zauna ka miƙe ƙafafu gaba. Shekara ashirin da shida yana hawansa, bai taɓa gudu da shi ba. Ni na ɗinka kujerar baya da hannuna, na yi mata majingini saboda Iya Ronke, matarsa, mai sayar da atamfa a kasuwar Gbagi. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai su hau, wata rana Oyo, wata rana garinsu Iseyin, wata rana bakin ruwan Eleyele kawai. Tana zaune a baya, haɓarta a kan kafaɗarsa ta dama, bakinta daidai kunnen da ke ji. Ita da kanta take cewa, “Ni in ina da magana da mutumin nan, Lahadi nake jira.” A kan babur ɗin nan suka yanke makarantar da Ronke za ta shiga, a kansa ta gaya masa ba ta yarda da saurayin Ronke na farko ba. A duk mako, nan ne kaɗai take samun mijinta.

Akwai wani abu kuma da aka san shi da shi, wato ladabi. Baba Ronke ba ya wuce babba. Ko yana kan babur, da ya hango dattijo sai ya tsaya, ya kafa ƙafa, ya karkata, ya taɓa ƙasa da yatsun dama, duk bai sauka ba. Babur ɗin ƙasa-ƙasa ne, hannu na kaiwa. Tsofaffi suna jin daɗin abin, har suna nuna wa 'ya'yansu shi.

To, sai ya shiga ƙungiyar masu manyan babura. Samari ne, lauyoyi da ma'aikatan banki, masu dogayen baburan nan na gudu da tafiyar nesa, gilashi a gaba, akwati a kowane gefe. Su je Kalaba, su je Ankara, su dawo suna nuna hotuna. In ya iso wurin taro sai su fara: “Baba, tunda ka taho da kujerar falo, da ka haɗo da talabijin mana!” Yana dariya, amma abin na cin sa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da nasa dalilin. Bayansa ya fara ciwo, don kowane rami a ƙugunsa yake ƙarewa, cikin babur ɗin kuma yana gurzar duk wani tudu da aka yi a titi. Amma ko shawara! Wata Talata kawai ya sayar da tsohon ga wani mutumin Warri, aka ɗora shi a mota aka tafi da shi. Matarsa ma a bakin maƙwabta ta ji.

Ranar Juma'a sai ga shi a ƙofar shagona kan wani jan abu, yana lilo da ƙafa yana neman ƙasa.

Na ce, “Egbon, wa ya ɗora ka? A kira shi ya sauke ka.”

Ya ce, “Rufe mini baki, Muraina. Kai me ka sani ban da soso da almakashi? Wannan a awa biyu zai kai ni inda wancan ke yin huɗu.”

“Wa ke koran ka?”

“Rage mini kujerar nan yatsa biyu, ka bar surutu.”

Na ce, “Ita Iya Ronke fa, da tsani za ta hau?”

Ya ce za ta saba. Na yanke soson, na ɗinke, ina yi ina tsaki.

Watan farko, wallahi, unguwa ta sha kallo. Ƙafarsa ta saba birki yana can gaba, a wannan kuwa yana ƙarƙashinsa. In ya zo tsayawa sai ka ga ya miƙa ƙafa gaba yana taka iska. A mararrabar Dugbe saura kaɗan ya shige cikin murhun wata mai gasa ayaba, ta bi shi da zagi har ya ɓace. Ya ɗan murɗa hannu kaɗan, abin ya zabura kamar an mintsine shi. Ya dawo na ƙara rage yatsa ɗaya, ya sayi takalmi mai tudun dunduniya. Na ce masa saura ya ɗaura bulo a ƙafa. Kwana biyu bai gaishe ni ba.

Ita kuwa Iya Ronke, baiwar Allah, ta gwada. Kujerar baya tana can sama, sai an kawo mata benci ta taka. Mace mai shekara hamsin da biyar, shugabar mata a cocinsu, aka sa ta saka wando a ƙarƙashin zani. Ba majingini, sai wasu ƙarafa biyu da za ta riƙe ta baya. Hular kwanon ma sabuwa ce, mai rufe fuska duka, don samarin sun ce dokar ƙungiya ce. Lahadi biyu suka fita. Da na tambaye ta yaya, sai ta ce, “Lafiya lau, Muraina. Na ga saman hularsa sosai.” Ni kuma raina ya ɓaci.

Sai bikin mutuwar gwaggonta ya zo a Iseyin, babban biki, an fitar da anko. Ni da iyalina muka bi motar haya. Na roƙe shi ya bar babur a gida, ya ce ai ranar ce surukai za su gan shi. Kamar yadda suka saba, suka tsaya a bakin gari, ta cire hular kwano, ta ɗaura gwaggwaronta, ta gyara zani, suka ƙarasa a hankali. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa, makaɗa na kiɗa, an fara raba amala da miyar wake, sai ga su. Mutane suka miƙe suna kallo. Gaskiya abin ya yi kyau.

A bakin ƙofar gida kuwa ga Baba Ogundiya, ƙanin mahaifinta, tsoho ɗan shekara casa'in, zaune a kan benci. Ina ganin idon Baba Ronke ya faɗa kansa, na san abin da zai yi. Na miƙe ina ihu, “Egbon, sauka tukuna! Sauka!” Ina fa, ta hagu nake. Ya tsaya, ya ɗan dafa ƙasa da kan takalmi, ya saki hannun dama, ya karkata zai taɓa ƙasa kamar yadda ya yi shekara ashirin da shida. Ƙasa ta yi nisa. Ya ƙara miƙawa, babur ya biyo shi, rim! Shi, da ita, da akwatuna, duk a gaban tsohon.

Kiɗa ya tsaya. Gwaggwaro ya yi gefe guda, zani ya kwance, ga wando a fili a gaban danginta kaf, da matan cocin da suka rako ta. Mata suka ruga suka kewaye ta da mayafai. Sai da maza huɗu suka taru aka ɗaga babur ɗin. Shi kuma tsohon, da bai gane abin da ya faru ba, sai cewa yake, “Ya isa, ɗana, ya isa, tashi, na amsa.” Wasu suka fashe da dariya. Shi gogan, ka san abin da ya fara dubawa? Madubi. Wallahi madubin babur ya fara dubawa! Da ba don ya girme ni ba, da na mare shi a wurin.

A motarmu ta dawo, wuyan hannunta a kumbure. Daga ranar ba ta ƙara hawa ba. Ranar Lahadi ta shiga tasi ta tafi coci, ta dawo ta rufe ƙofa. Na ce masa ya nemo tsohon babur ɗinsa, ya ce mutumin Warri ya riga ya sayar wa wani, kuma ma shi wannan ba shi da laifi. Abin haushin shi ne, ya iya shi daga baya. Ya daina taka iska, ciwon baya ya tafi, ya je Lokoja, ya je Benin, samari suka daina tsokanarsa suka koma kiransa shugaba. Sai ya dawo yana ba ni labarin kwana-kwanar hanya, ni kuwa ina kallon kujerar baya da aka ɗaure jaka a kai.

Bayan wata uku ya kawo kujerar karo na uku. Ranar Asabar za su tafi Kalaba da 'yan ƙungiya, kwana takwas. Ya ce in rage ta baya, in ga ko majingini zai shiga, sannan in je in ba Iya Ronke baki ta bi shi, tunda tana jin maganata. Na ce soson da ya rage bai kai kaurin biredi ba, amma zan je.

Na same ta da rana a gida, ba ta fita kasuwa ba. Ta rame, na ɗauka fushi ne. Ta zubo mini abinci, na fara zuba: Egbon ya yi kuskure, ya yi nadama, kujera za ta sauko. Ta bar ni na gama.

Ta ce, “Muraina, kana tsammani faɗuwar ce? Wa bai taɓa faɗuwa ba? An yi dariya, an gama. Ni a kan wancan abin, ko na yi ihu iska ce ke ji. A gida kuma ka san shi.”

Na ce, “To ki zaunar da shi mana.”

“Sau nawa? In na fara sai ya ce bari ya duba mai, bari ya amsa waya, yaran ƙungiya na jira.” Ta murza bakin zaninta. “Tun kafin bikin Iseyin likita ya ga wani abu a ƙirjina. An gwada, an sake gwadawa. Ranar Litinin za su yi mini aiki. Ko Ronke ban gaya wa ba, na ce ubanta ne zai fara ji. Ina ta jiran Lahadi.”

Na ture kwanon abincin gefe. Na ce in gaya masa? Ta ce a'a, ba daga bakina zai ji ba.

Na koma shago. Na ɗauki kujerar na jefa can saman kantar shago, na zauna. Can da la'asar sai ga shi ya tsallako titi, yana goge tawada a hannu.

“Ina kujerata?”

“Ba ka samu.”

“Ba ka gama ba?”

“Ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Ba kujera, ba Kalaba. In kana so ka zauna a kan ƙarfe ka tafi.”

Ya ce na haukace. Ya ce zai kira 'yan sanda, ya ce tun ina yawo ba wando ya san ni. Mutane suka fara taruwa. Na zagaya ta damansa, na kama kafaɗarsa, abin da ban taɓa yi ba, na ce, “Egbon, ka tafi gida yanzu. Ka kashe rediyo, ka kashe waya, ka zauna a kujera, ka juya mata wannan kunnen. Kada ka tashi sai ta ce ta gama.”

Ya dube ni ya daɗe. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya bar shagonsa a buɗe, ya tare tasi ya shiga.

Ranar Asabar samari suka zo ƙofar shagonsa su tara, suna ta murɗa babura, suka gaji suka tafi. Ranar Litinin na same shi a barandar asibiti, zaune a kan benci, jakarta a cinyarsa. Awa biyar muka yi a wurin, ko sau ɗaya bai miƙe ba. Da ya buɗe baki, abin da ya ce kawai shi ne, “Wata huɗu, Muraina. Wata huɗu tana ɗauke da shi ita kaɗai, ni ina auna hanya.”

Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga dalili ba. Yau wata bakwai ke nan, tana zuwa asibiti duk bayan mako uku, shi ke kai ta a tasi. Kujerar tana nan a saman kantata, har yau bai tambaya ba.