Malamin jami'ar da ya riƙe garma saboda ni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin ya iske ni da safen nan: Malam Iro Kudan ya rasu.

A waya nake rubuta wannan, ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana tarihi a jami'a a Zariya, lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, wasu azuzuwan ma ko fenti ba a yi musu ba. Mu 'yan ƙauye da cokali mai yatsu ya addaba, gidansa muke zuwa ran Juma'a mu ci tuwo da hannu mu huta. Bai taɓa gyara min Turanci a gaban mutane ba.

Da ba don shi ba, ko ƙofar jami'ar ba zan gani ba.

Na samu gurbi, Baba ya ce ba inda za ni. Ya taɓa ganin wani ɗan boko a Makarfi ya gaida dagaci a tsaye, hannu cikin aljihu, tun daga nan ya ce makarantar da ke hana gwiwa lanƙwasawa ba da ɗansa ba. Lokacin rajista na ta ƙurewa, abinci ma ya daina shiga cikina. Hedimastanmu ya kai wa Malam Iro maganar, shi kuma ya hau keke har ƙauyenmu Gubuchi.

Ya faɗo ranar gayyar huɗa a gonarmu. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya gaida Baba. Baba bai ce ya zauna ba, sai ya nuna masa garma da haɓa.

A gayya kowa da layinsa, wanda ya zo ƙarshe mai ganga zai sa shi a waƙa, sunan ya bi shi har kasuwa. Ga Malam da farar riga, rabonsa da garma tun yana yaro. In ya ƙi, na zauna gida. In ya ajiye a tsakiya ma haka.

Ya naɗe wando ya shiga. Samari suka yi masa fintinkau. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ƙotar garma ta yi ja. Mai ganga ya zo ya tsaya a kansa yana kiran sa akawu mai hannun auduga, mata masu kawo kunu suna ta dariya. Ni Baba kawai nake kallo, fuskarsa ko motsi.

Shi ya zo ƙarshe, amma ya kai layinsa gaɓa. Yana haki ya roƙi mai gangar ya maimaita waƙar a hankali, wai ɗalibansa zai kai wa, ai don irin wannan aka gina jami'ar.

Baba ya dubi tafin hannun Malam. Can ya ce, "Malam, tafi da shi. Amma ranar da na mutu, shi zai yi min wanka. In ya dawo yana ƙyamar gawata, da kai zan tsaya gaban Allah."

Malam ya ce ya ɗauka.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne, a zaurensa a Kudan. Ido ya tafi, murya ta yi ƙasa. Ya kama hannuna ya tambaye ni abin da duk shekarun nan tun rasuwar Baba bai iya tambaya ba: "Kai ka wanke shi?"

Na ce ni ne, Malam, da hannuna.

Ya daɗe bai sake ni ba. Sannan ya ce, "To, yanzu zan iya haɗuwa da shi."

Allah ka jiƙan Malam Iro, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da Baba a Aljanna. Jana'iza bayan azahar a Kudan. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su biyun a addu'a.