Randar Maman Salome

Malam Theophilus ya zo Bukkuyum daga ƙasar Zuru da akwati ɗaya da takardar koyar da lissafi, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma gida. Bana shekararsa goma sha tara a garin. Mutanen gari sun yi mako guda suna kokawa da sunansa, daga baya suka datse shi ya koma Malam Tiyo. Ya auri Bridget mai ɗinki a bakin kasuwa, suka haifi Salome, ya kuma samu gonar wake a hanyar Nasarawa Burkullu.

Ya zama malamin kwamfuta ne ranar da shugabar makarantarsu, Hajiya Barakatu, ta gan shi yana gyara rediyo. Shekara shida yana koyar da darasin da alli, domin makarantar ba ta da kwamfuta. Ɗalibansa sun iya zana ta da kyau, har da inuwa.

Malam Tiyo ba ya shan taba, ba ya siyasa. Lalurarsa ɗaya ce, sunanta Linux. Wannan manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ake samunta, kuma kowa yana da iznin buɗe cikinta ya gyara. Masu hankali suna saka ta a kwamfuta. Malam Tiyo, da yake ba shi da kwamfuta, yana saka ta a duk abin da ke da waya a jikinsa. Ya taɓa saka ta a tsohuwar wayar Bridget. Wayar ta tashi ras, ta iya kome da kome ban da kira.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ofis. Ta ce za a turo mai dubawa bayan mako biyar, kuma duk makarantar da ba ta da kwamfuta mai aiki, za a mayar da malamin kwamfutarta inda ake da ita. Hajiya Barakatu ta bincika, aka ce mata Anka za a kai Malam Tiyo. Da ya gaya wa Bridget, sai ta ce keken ɗinkinta ba ya hawa mota, ita ma haka, amma za ta riƙa yi masa addu'a.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Gummi wajen Shitu mai gidan kallon ƙwallo. Shitu yana da wani ɗan akwatin kallon tashoshi, bai fi tafin hannu ba, wanda ya daina aiki ana tsakiyar wasa, 'yan kallo kuma suka taimaka wa akwatin da jifan takalmi.

"Malam, mi za ka yi da mushe?" in ji Shitu.

"Kwamfuta za ni yi."

Shitu ya dube shi da tausayi, ya ba shi akwatin, ya ƙara masa da tsohuwar talabijin, ya ce a gaida iyali.

Mako uku Malam Tiyo yana fama. Ya jona batirin babur da farantin sola, ya samo allon dannawa na gwanjo, ya riƙa tsayawa a kan tudun bayan makaranta inda sabis ke leƙowa, yana sauko da fayiloli. Wata Talata da hantsi fararen rubutu suka fara gudu a fuskar talabijin. Akwatin Shitu ya tashi a matsayin kwamfuta.

Tana da 'yan halaye. Ba ta fitar da sauti. Ba ta riƙe lokaci, duk sanda aka kunna ta sai ta ce yau ɗaya ga Janairun 1970. Waɗannan duka ya yafe mata. Abin da bai iya yafewa ba shi ne zafi: ba ta da fanka, watan Afrilu ne, kuma minti goma tana aiki sai ta sume.

Ya rubuta tambaya a dandalin masu irin wannan lalura. Bayan kwana biyu wani bawan Allah daga ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofa ya amsa masa. Ya ce nasa akwatin bai taɓa zafi ba, amma ya gwada buɗe taga. Malam Tiyo ya buɗe taga. Kwamfutar ta sume a minti bakwai.

Bridget ce ta warware matsalar, abin da har yau take nadama. Ta gan shi zaune ya tasa tuwo gaba bai taɓa ba, ta ce, "Baban Salome, in zahi ad damuwarta, ka aza ta bisa randa mana, kamar sauran miya."

Randar Bridget ba ƙaramar randa ba ce. Innarta ce ta ba ta ranar aure, kuma maƙwabta suna aiko da kofi a ɗiba musu saboda sanyinta. Malam Tiyo ya roƙi aronta na mako biyu. Aka kai ta makaranta a kan baro, aka cika ta. Ya zaunar da kwanon silba a bakinta yadda gindinsa zai taɓa ruwa, ya sa akwatin a ciki, ya ɗaure da roba. Kwamfutar ta yi awa huɗu tana aiki ko gezau.

Sai dai ya manta abu ɗaya: a garin nan ba a ganin randa a wuce. Malamai, masinja, mai kawo itace, iyayen da suka zo kawo ƙara, duk wanda ƙishi ya kama sai ya shigo ya ɗaga kwano, wayoyi su tsinke, talabijin ta yi baƙi, ya sha, ya ce alhamdu lillahi, ya fita. Malam Tiyo ya rubuta "Kada a sha" ya manna. Takardar ba ta kai azahar ba. Hajiya Barakatu ta shigo da ita a hannu.

"Malam Tiyo, a makarantata za a rubuta wanga abu bisa ruwa? Mi za a ce da mu cikin gari?"

"Hajiya, kwamfutar ce..."

"Ita ta iya haƙuri. Ba ta da maƙogwaro."

Ya kai ƙara gida, Bridget ta goyi bayan Hajiya. Tunda ya kasa hana mutane sha, sai ya koma kan kwamfutar. Ya yi ta zare mata duk abin da ke ja mata nauyi wajen tashi, daga minti uku ya dawo da ita minti ɗaya, daga nan zuwa daƙiƙa ashirin da shida. Darasinsa ya koma gajeru, tsawon kowanne daidai da tazarar da ke tsakanin masu ƙishi biyu.

Mai dubawa, Alhaji Kamaluddeen, ya iso da rana tsaka a bayan ɗan kabu-kabu, hularsa a hannu. Hajiya ta tanadar masa ruwan leda, amma ruwan tun safe yana taga yana shan rana. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye cikin ladabi. Aka shiga da shi aji, talabijin tana kunne, Malam Tiyo yana tsaye cikin rigarsa ta zuwa coci. Alhaji bai dubi talabijin ba. Idonsa ya sauka a kan randa mai raɓa a jiki, ya nufe ta kai tsaye.

Malam Tiyo ya ga Anka ƙiri-ƙiri. Kalma uku za su tsayar da mutumin. Ya buɗe baki, sai ya tarar shekara goma sha tara a Bukkuyum sun riga sun lalata shi: bai iya ce wa baƙo kada ya sha ruwa ba. Ya ɗauko moɗa ya miƙa.

Alhaji ya ɗaga kwano. Talabijin ta yi baƙi. Ya sha moɗa biyu, ya yi ajiyar zuciya, ya waiwayo.

"To, Malam, ina kwamfutar?"

"Ga ta nan a hannunka, ranka shi daɗe."

Alhaji ya dubi kwanon. Hajiya Barakatu ta dubi rufi. Malam Tiyo ya karɓa hannu bibbiyu, ya mayar da shi bakin randa, ya jona wayoyi da saurin wanda ke yin haka sau ashirin a yini. Kafin Alhaji ya gama zaro biro, rubutu ya bayyana.

Makarantu goma sha ɗaya Alhaji ya duba a wannan zagaye. Ya ga kwamfutoci manya masu tsada, an lulluɓe su da ƙyalle mai ado. Wata tana jiran man janareto, wata kuma mai makullin ɗakin ya yi tafiya. Wannan ce ta farko da ta kunnu a gabansa. Ya zauna, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, ya daɗe yana kallonsa.

"Amma ta ce muna 1970."

"Haka take farkawa, ranka shi daɗe. Sai an tuna mata."

"Ni ma haka nike in na yi barcin rana," in ji Alhaji, ya sa alamar amincewa.

Saura shafin ƙarshe, inda ake rubuta duk abin da kwamfuta ba ta aiki sai da shi, a ba shi lamba, ya zama kayan hukuma. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa. Ya rubuta akwati, talabijin, batir, kwano. Sannan ya tambaya ko tana aiki ba randa. Malam Tiyo bai saba ƙarya ba, ya ce minti goma. Alhaji ya fito da ɗan gwangwanin fenti daga jakarsa, ya durƙusa, ya rubuta lamba da fari a jikin randar, manya-manya.

Malam Tiyo yana nan Bukkuyum. Ɗalibansa sun daina zane, suna layi suna dannawa, waken bana ma ya yi kyau. Bridget ba ta yi faɗa ba. Kullum da tsakar rana takan rufe keken ɗinki, ta tako makaranta da moɗarta, ta yi sallama a tsakiyar darasi, ta ɗaga kwano. Tana sha a hankali tana kallon mijinta, shi kuma yana tsaye da wayoyi a hannu yana jira.

Ya sauko da lokacin tashin kwamfutar zuwa daƙiƙa ashirin da biyu yanzu, kuma yana ganin akwai sauran abin ragewa.