Ranar da Na Tare Ruwan Babana

Ina aji huɗu a sakandare aka kawo mana kadet. Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowa ya hango kaki sai ya gyara tsayuwa, har a tashar Kura mutane sun koyi bin layi. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, tana gefen wata ƙaramar kanal ta ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure, kuma kusan dukanmu 'ya'yan manoman rani ne. Aka yi sanarwa cewa duk mai so ya ba da suna, za a koya masa aikin soja, in ya yi ƙwazo hanya ta buɗe masa zuwa makarantar hafsoshi. Ban bari an gama sanarwar ba na miƙa nawa. Ba kishin ƙasa ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Na gaji da shiga taɓo ne, takalmi nake so.

Wanda aka ɗora a kanmu malamin labarin ƙasa ne, mutumin da a da ko 'yan aji ɗaya ba sa jin tsoronsa. An tura shi wani bariki ya yi kwas na sati uku, ya dawo da gashin baki da 'yar sanda a hammata, ya ce daga ranar sunansa Kwamanda. Sati ukun nan mun ji labarinsu har mun haddace. Mun san abin da ya ci, da inda ya kwana, da ranar da wani Manjo ya dafa masa kafaɗa. Kafaɗar ma yakan nuna mana ita, ta hagu ce.

Bindigoginmu wani kafinta ya sassaƙa daga karyayyun bencinan makaranta. A jikin tawa har akwai ragowar lissafin da wani ya taɓa karcewa da ƙusa. Da su muke fareti kowace Talata da Asabar, lef-rai, lef-rai, rabinmu na jefa hannu da ƙafa ɓangare ɗaya. Wanda ya yi kuskure ya sha tsallen kwaɗo. An koya mana jan ciki a filin ƙwallo, muka cika gwiwoyi da ƙaya. Wata rana Kwamanda ya zo da kamfas, ya ɓata yamma guda yana koya mana yadda ake gane gabas, mu da muke fuskantar alƙibla sau biyar a rana tun muna da wayo. Da allurar ta gama rawarta ta tsaya, sai ta yarda da abin da masallacin makaranta ya daɗe da sani. Muka tafa masa.

In ana maganar nasarori, muna da su. Mun kori awaki daga harabar makaranta. Mun tsare ƙofa muna zane masu latti. Ran kasuwa mun taɓa fita titi ba da hannu, muka tsayar da motar tumatir don jaki ya wuce. Ni kuwa na samu igiya biyu, na zama kofur, ba don komai ba sai don muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Murya ce ta korar tsuntsaye a gona, amma na ɗauke ta baiwar shugabanci. Kullum kakina a tsaye yake da sitaci, na daina gaida mutane a tsugune don kada karin guga ya lalace.

Sai labari ya zo cewa wani Kyaftin zai zo daga Kano ya duba mu, kuma a ranar za a naɗa saje guda ɗaya. Mu uku ne kofur. Na sa wa raina igiyar nan ta uku har na daina jin daɗin abinci.

Kwamanda ya ce ba zai karɓi hafsa a kan ƙasa tsirara ba, don a barikin da ya je ya ga ciyawa kore shar. Saboda haka ya sa muka bazu bakin gonaki muna ciro kiri-kiri muna dasawa a filin fareti. Kiri-kiri fa, ciyawar da iyayenmu suka ƙarar da ƙarfinsu suna yaƙi da ita. Manoma suka riƙa tsayawa suna kallonmu. Wani dattijo ya ce in muna son ƙari mu zo gonarsa, har fura zai ba mu. Muka dasa, muna bayi da bokiti daga rijiya, amma zafi ya fara shigowa, ciyawar ta yi ja ta kwanta. Ranar Laraba Kwamanda ya tsaya a tsakiyar fili yana dukan cinyarsa da sanda. Baƙo zai zo Asabar.

To, ga yadda ruwa yake a wajenmu. Ƙaramar kanal ɗin da ke bayan makaranta sau ɗaya ake sako mata ruwa a sati, ranar Alhamis. Na sama su fara sha, na ƙasa su jira. Gonar babana ita ce kusan ta ƙarshe, can a wutsiya, sai bayan azahar ruwa yake isa gare ta. A shekarar alkama ya shuka, duk gonar. Ta fitar da kai, ƙwayar tana cikin madara, lokacin da in ta ji ƙishi shi ke nan. Kuma satin da ya wuce ruwan ya yi ƙaranci, bai kai wutsiya ba. Duk gidanmu an san cewa Alhamis ɗin nan ita ce magana. Ni ma na sani, da hannuna na mutsuke zangarniya na ga farin ruwan.

Ni na ɗaga hannu na ce wa Kwamanda akwai dabara. In aka datse kanal da buhunan ƙasa daidai bayan makaranta, ruwa ya taru ya yi sama, sai a jefa tiyo, irin lanƙwasassun bututun da muke zuƙo ruwa da su zuwa gona. Filin yana gangare, ruwa zai shiga da kansa. Na ce awa ɗaya ta isa. Idonsa ya yi haske. Nan take ya zana taswira a allo, da kibiyoyi, ya ce wannan shi ne atisayenmu na farko a fagen daga. Sai ya tambaya, in manoman ƙasa suka biyo sawun ruwansu fa?

Na ce, "Yallaɓai, a ajiye ni a wurin."

Nan ne abin da har yau nake jin kunyar faɗa. Na san wanda zai biyo sawu. Babana ne mai magana a cikin 'yan wutsiya, kuma mutum ne mai zafi, ya taɓa jefa wani ƙato cikin kanal a kan ruwa. In wani yaro ya tarar, ko kakin Janar ya saka, zai ture shi ya yaye buhunan. Amma ni ɗan fari ne. Babana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In yana son in yi abu, sai ya gaya wa innata ko ƙanena ina tsaye a wurin. A gida "yaron nan" nake. Mutumin da ke jin kunyar haɗa ido da ni ba zai yi kokawa da ni a gaban jama'a ba. Da wannan kunyar na yi lissafi, kuma na ji kaina gwanin dabarun yaƙi.

Ranar Alhamis bayan tashi daga makaranta muka datse kanal. Wannan kam mun iya, ba sai an koya mana ba. Cikin ɗan lokaci tiyo takwas suna aman ruwa cikin fili. Kwamanda yana inuwar darbejiya yana duba agogo. Awa ɗaya ta cika, ya ce a ƙara, ciyawa ba ta ƙoshi ba. Mu kuma da ba mu san wani bayi ba sai na gona, har ƙananan fangali masu tare ruwa muka ja da ƙafa don ruwan ya kwanta sosai.

Wajen la'asar na hango su a kan gaɓa, mutum huɗu, babana a gaba da fartanya a kafaɗa, wandonsa a naɗe. Ni da wani yaro ɗan aji uku muke gadi. Na gyara hula, na gicciya bindigar benci, na saki muryar nan tawa.

"Tsaya! Ba a wucewa."

Suka tsaya. Babana ya dubi buhunan, ya dubi tiyo, ya dubi filin da ya zama tafki. Bai dube ni ba. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Kai, ba ka ga ko su wane ne ba?"

Na ce, "Oda aka ba mu."

Sai babana ya juya wajen yaron da ke gefena, ya yi magana a hankali, irin muryar da ban san shi da ita ba.

"Samari, tambayi babbanku, yaushe za a saki ruwan?"

Yaron ya dube ni. Na ce, ina kallon sama kamar yadda aka koya mana, "Sai Kwamanda ya ce."

"To, gaya masa alkama ba ta san Kwamanda ba. Gaya masa kafin magariba za a rufe daga sama."

Mutanen suka so su matso, ya ɗaga musu hannu. Ɗayan ya ce, "Haba Malam, buhu shida ne fa, mu yaye mu wuce." Babana ya ce, "Sai an ture shi za a kai ga buhun. Wa zai ture shi a cikinku ina tsaye?" Duk suka ja da baya. Ga kunyarsa, ga kuma tsoron kaki na wancan zamani, ko da kakin yara ne. Suka zauna a kan gaɓa suna jira. Ni ma na ci gaba da ƙamewa, gumi na bin bayana, ina jin ƙarar ruwan yana shiga ciyawa. Da na sa ƙafa na ture buhu ɗaya, da an gama. Na yi tunanin haka, na kuma yi tunanin igiya.

Sai da rana ta yi ja Kwamanda ya busa usur. Muka yaye buhunan. Ruwan ya gangara, amma an riga an rage shi daga sama. Ƙanena ya ce ruwan ya jiƙa fangali biyu na bakin gonarmu, sannan ya tsaya.

Asabar ta zo. Filin da ya sha ruwan gona guda bai bushe ba, ƙasar wurin laka ce. Muka jeru tun hantsi, Kyaftin bai iso ba sai kusan azahar. Ya sauko daga mota, saurayi ne siriri, ya dubi filin ya dubi takalminsa. Kwamanda ya ba da oda mu taka. Taku na uku kambas ɗin na gabana ya maƙale, ya ci gaba da safa. Wani ya zame ya ja na kusa da shi. Kyaftin ya ce, "Malam, shinkafa za ku dasa a nan?" Bai ce Kwamanda ba. Ya sa aka mai da mu bakin ƙofa, kan tsandaurin da muke tsayawa kullum, muka yi masa lef-rai na ɗan lokaci. Ƙafarsa ba ta taɓa ciyawar ba ko sau ɗaya.

Amma an naɗa ni. Kwamanda ya gabatar da ni a matsayin yaro mai bin oda ko a gaban wa, Kyaftin ya maƙala mini igiya uku da fil, yana hamma. Na sara masa da dukan ƙarfina.

Makarantar hafsoshi kuwa ko takardar shiga ba mu gani ba. Shekara na zagayowa aka yi wa Kwamanda canjin wurin aiki, kadet ta watse, masu dafa abincin malamai suka hura wuta da bindigogin. Kiri-kiri ce kaɗai ta ci riba, ta mamaye filin har ta tsallaka gonakin maƙwabta.

Ruwan Alhamis ta gaba ya zo, amma ya zo wa alkamar da ta riga ta yanke shawara. Da aka yi girbi aka sussuka, ƙwayar ta fito a tsamure, siririya, ba nauyi. Abin da aka samu bai kai rabin na bara ba, kuma a kansa gidan ya dogara har damina. A shekarar an sayar da tumakin innata. Ba wanda ya ce da ni komai. Na so a ce an dake ni.

Ranar da ake sheƙa a tsakar gida, ina zaune a bakin zaure ina goge kambas. Babana ya ɗebi alkamar a tafin hannu, ya daɗe yana juya ta da ɗan yatsa. Sai ya miƙa wa innata.

Ya ce, "Kai wa Saje ya duba."

Innata ta kawo ta zuba mini a hannu.

Daga ranar babana ya samu abin kirana. Shekara goma sha bakwai ina "yaron nan", sai ga shi na yi suna. Saje ya ci abinci? A gaya wa Saje gobe akwai ban ruwa. Mutanen gari suka ɗauka, abokai suka ɗauka, yau har jikokina sun san Saje. Baƙi sukan tambaye ni a wace bataliya na yi aiki, wasu har su ƙame mini don wasa, in yi dariya in bar zancen. Na yi aure, na haihu, na yi aikin koyarwa na gama, babana bai sauya sunan ba, kuma ko sau ɗaya bai faɗe shi da fushi ba. A ciwonsa na ƙarshe ina zaune daga bakin ƙofa, ya ce wa ƙanena yana jin ƙishi. Ƙanena ya tashi zai ɗauko moɗa, sai ya ce masa ya zauna.

Ya ce, "Tambayi Saje, ko za a saki ruwan."