Wayar Inna da sabon adireshi

Shekarar da kamfaninmu ya koma sabon tsarin adireshi na intanet, wanda ake ce ma IPv6, ni ke kula da eriyoyi, wato dogayen ƙarafan sadarwar waya, da ke tsakanin Madawa da Buza da Keita. A Yamai anka yi ainihin aikin. Nawa shi ne in hau moto, wato babur, in je gindin kowace eriya, in gwada, in rubuta. Bayanin da anka yi muna mai sauƙi ne: tsoffin adireshi sun ƙare, wayoyi da yawa suna raba guda, kamar gida mai zaure ɗaya. Yanzu kowace waya za ta samu ƙofarta. Na ce madalla, ga ni da ƙofa, saura mai sallama. Ɗaki guda nake haya a Keita, kuma in ba shef, shugabana a wurin aiki, ya kira ba, wayata sai ta wuni ba ta yi tari ba.

An tura ma mutane saƙo da Faransanci cewa wasu tsoffin wayoyi sai an sake musu saiti da hannu. Da Faransanci fa! A Adar! Wa zai karanta ma tsohuwa? Na yi faɗa a wurin aiki har muryata ta dushe, amma ban tuna da tawa tsohuwar ba.

Inna tana Deule. Wana, ɗanta na fari, ya daɗe a Abijan, kuma duk Juma'a yakan aiko mata saƙon murya. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Saboda haka da saƙon ya daina zuwa, ba ta gaya ma kowa ba. Rezo, wato sabis na waya, cike yake, kira yana shiga, ita dai ta ga shiru. Kiran Abijan kuma ba ya cikin abin da za ta yi, ko da wuƙa a wuya.

Ranar kasuwar Buza na ratse gida da hantsi. Na tarar ta rame, tana tsintar wake, wayar tana rataye a ƙusa kusa da taga.

"Inna, lafiya kike?"

"Lahiya lau." Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Wai ƙasar nan da mutane ka tahiya, ba a yi wani tashin hankali ba?"

Abijan take nufi. Na sauko da wayar, na duba. Saitin ne, wanda na gyara ma baƙi a kasuwa ban san iyaka ba. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba. Wayar ta shiga ƙara, saƙo bayan saƙo, har guda bakwai. Juma'a bakwai ke nan tana kwana da tunanin ko ya mutu, ko ya yi fushi da ita, ni kuwa ina wucewa ta bayan garin a kan moto ina rubuta cewa komai daidai. Wallahi na ji kunya, na ji haushin kaina.

Ta karɓi wayar, amma ba ta taɓa komai ba.

"Ba ka da aiki yau?" in ji ta.

Na gane. Ba za ta saurare shi ina zaune ba. Na fita, na zauna a inuwar garka, nan ƙofar gida. Ta cikin katanga na ji muryar wana yana gaishe ta, sannan na ji ta maido saƙon daga farko.

Na ciro tawa wayar, mai sabon adireshi, nata ita kaɗai. Babu saƙo ko ɗaya. Na buɗe lambar Inna don in ga ranar da na aika mata nawa na ƙarshe, sai na tarar ban taɓa aikawa ba.