Haƙurin da Baba ya je bayarwa kasuwa

Babanmu direba ne, kuma mutum ne da ba ya iya barin laifi ya kwana. Ko kai ka taka shi, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. Mama takan tsokane shi, wai ko akuya ce ta sha gabansa a titi sai ya sauke gilashi ya ba ta baki. Shekara goma sha tara yana tuƙa mace ɗaya, mai gabatar da shirin lafiyar iyali a talabijin, wadda kowa ke kira Anti Likita, alhali ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Shida na safe ya goge mota, ya ajiye mata ruwa da tishu a aljihun kujera. In ana hira aka taɓa ta, sai ya miƙe ya bar wurin.

Ni na kai masa bidiyon Anti da ke ta yawo a wayoyin mutane. Yana tsakar gida yana wanke kafet ɗin mota na miƙa masa waya. Ga Anti a kujerar baya tana dariya, tana cewa matan kasuwar da ke bugo waya a shirinta ƙazamai ne, sai ta toshe hanci take iya zama da su. Fuskarta, muryarta, har yadda take tura tabarau da ɗan yatsa. Da ma ina cike da ita tun ranar da na nemi aiki a tasharsu ta ce in ƙaro karatu.

"Baba, ga uwar ɗakin naka."

Ya kalla sau biyu. "Anya ita ce kuwa? Na ji an ce yanzu ana haɗa irin wannan."

"Haba Baba, ni fa na karanci kwamfuta. Wannan ba haɗi ba ne."

Wallahi ko dubawa ban yi ba. Daɗi kawai nake ji.

Bai kira ta ba, don kunya yake ji mata. Washegari ya sa kayansa na fita, ya nufi kasuwa, yana bin matan rumfa-rumfa. "Ku yafe mata don Allah, ranar a gajiye take. Ba halinta ba ne." Wani ya ɗauke shi a waya.

Ashe a lokacin Anti ta yi nisa da nata gyaran. Lauyanta ya fitar da sanarwa, an kai ƙara a cire bidiyon daga intanet, tashar kuma ta sa na asali kusa da na jabun: a motar ne dai, amma kan rigakafin yara take magana. Mutane sun fara dawowa bayanta. Sai ga fuskar Baba ta cika wayoyi, an rubuta a ƙasa: direbanta ya tabbatar. Kafin la'asar an dakatar da shirin.

Anti ta kira shi ofis. Ni na raka shi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Baba Direba, duk zamanmu ka taɓa jin na faɗi irin wannan?"

"Ban taɓa ba, ranki ya daɗe."

"To me ya kai ka ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani ne da idona."

Lauyan ya ce hanya ɗaya ta rage: Baba ya zauna gaban kyamara ya faɗa da bakinsa cewa ruɗarsa aka yi. In mutane sun yarda, shirin zai dawo, shi ma ya riƙe aikinsa. Mutumin da ko hoton fasfo sai an yi ta lallashinsa, aka zaunar da shi ƙarƙashin fitilu, aka maƙala masa makirufo a wuyan riga. Ya miƙo min hularsa in riƙe, wai zufa yake.

Ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce shi jahilin waya ne, ya yarda da ƙarya a kan matar da ya fi kowa sani. Sai lauyan ya ce, "Mutane za su so su ji. Wa ya nuna maka, wa ya ce maka gaskiya ne?"

Ina tsaye bayan kyamara, taku uku tsakanina da shi. Anti na gefe. Na san ya kamata in ce ni ce, amma sai na ƙara damƙe hularsa.

Baba bai ko kalli inda nake ba.

"A gidan mai na gani, a wayar wani," in ji shi. "Ban san shi ba."