Wanda Ya Kulle Ruwan Sadaka

A azumin da ya faɗo tsakiyar bazara na kusa rasa aikina a kan wani ɗan famfo da bai fi tsawon yatsa ba. Lokacin ni ke kula da injin sanyaya wani ɗakin taro a wajen Ƙofar Kwaya, mallakar wata Hajiya. Ba irin wanda ake maƙalawa a bango ba ne. Ƙato ne girke a bayan gini, yana sanyaya ruwa zuwa digiri bakwai, ya tura shi cikin bututu ya zagaye silin, fankoki su hura sanyinsa kan jama'a, sannan ya dawo. Ruwa ɗaya ne ke ta zagayawa, kuma akwai maganin tsatsa a cikinsa. Da ya ragu injin ke kashe kansa, don kada sauran ya daskare ya fasa masa ciki.

A watan Hajiya ta ba da ɗakin ana tafsirin mata bayan la'asar. Tun kwana na uku injin ya fara min wulaƙanci. Da safe in cika masa ruwa, in fitar da iska, in ga allurar ma'auni ta tsaya inda nake so, in wuce wani aikin. Malam bai gama buɗewa da addu'a ba sai jar fitila ta kama, fankoki su koma hura zafi, mata su hau fifita da gefen mayafi, wayata kuma ta hau ruri.

Na hau silin da azumi a bakina, na bi bututun nan gaɓa-gaɓa da tocila, gumi na shiga min ido. Ko ɗigo ban gani ba. Na canza robobi, na kwance abin da bai yi laifin komai ba na mayar. Wallahi har tsine wa injin na yi, na dawo ina istigfari.

Hajiya ma da tata dabarar. "Injiniya, ka rage lambar mana, ka kai ta biyu, sanyin shi ƙaru." Na ce ranki shi daɗe, ba lamba ce matsalar ba, ruwa ke ɓacewa. Ta ɗaga min hannu. "Ni ban san wannan dogon bayanin ba. Ran rufe tafsiri manyan baƙi za su zo. In ya mutu ran nan, daga Kano zan ɗauko wani." A garin nan in aka ce na Kano ya zo ya gyara abin da ya gagare ka, to ko fanka ba mai sake ba ka.

Saura kwana biyu na ƙi tafiya ko'ina. Bayan azahar na raɓe a inuwar ɗakin janareta na zuba wa injin ido. Can sai ga Baba maigadi, dattijon da kullum muke doguwar gaisuwa, ya taho da tiyo a kafaɗa. Ya ɗaura shi a ɗan famfon da ke ƙasan injin, wanda ake buɗewa kawai in za a zubar da ruwa a yi gyara. Ya je ya buɗe ƙaramar ƙofa. Sai ga 'yan acaɓa da leburori da masu wankin mota, kowa da bokiti ko buta, suna sheƙa wa kansu ruwan injina suna hamdala. Wasu har da kula, za su kai gida a yi buɗe-baki.

"Baba! Mi kake yi haka?"

"Sannu da aiki, Injiniya. Ruwan sadaka ne. Hajiya ta ce tunda Allah ya hore mata mai sanyi, a ba bayin Allah su jiƙa jiki."

"Baba, kai hwa ka riƙe mini tsani ina neman inda ruwan nan ke tahiya!"

"Ai ba ka tambaye ni ba."

Na juya na rufe famfon. Na bi masu kula ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su zubar, suna kallona kamar na zare.

Na samu Hajiya a ofis na faɗa mata, ko gezau ba ta yi ba. "Ni na sa. Ruwa ne hwa. Ka gyara injin shi daina mutuwa, mutane kuma ka bar su su ɗiba." Na ce biyun ba sa haɗuwa, kuma ruwan da magani a ciki, zai iya kwantar da mutum. Na ce a ajiye randuna da ƙanƙara a bakin ƙofa. Ta ce za ta duba, ta ɗauki wayarta. Na fita na sa sifana na cire kan famfon, na toshe bakin, na jefa kan a aljihu.

Ran rufe tafsiri injin ko tari bai yi ba. Har aiko min aka yi in rage sanyi. Hajiya ta yaba min gaban baƙinta, zancen na Kano ya mutu. Randuna dai ban gan su ba har yau. Masu bokiti kuwa, duk wanda ya zo amsa ɗaya Baba ke ba shi: Injiniya ya hana.

Da magariba na isa gidanmu a Ƙofar Marusa in sha ruwa da mahaifiyata. Ita ma ta je tafsirin. Ta zuba kunu ba ta dube ni ba.

"Ɗazu da muka hito ake zancen wani mara imani da ya kulle ma masu azumi ruwa," in ji ta. "Na ce Allah shi shirye shi. Sai maƙwabciyarmu ta taɓa ni ta ce in yi shiru."

Na buɗe baki zan fara bayanin maganin tsatsa, kan famfon na tokare min cinya ta cikin aljihu. Ta turo min moɗa.

"Sha," ta ce. "Mu nan gidan ba mu hana ruwa."