Yaya, kin kama mai turare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, bayan zazzaɓin da duk muka ɗauka na kwana biyu ne.

Yaya, ke kika goya ni lokacin da Inna take jinya, kuma a kan teburin keken ɗinkinki na koyi haɗa baƙi. Mutanen layinmu sun san ki da ɗinka wa marayu kayan makaranta ba tare da kin bari an yi miki godiya ba. Ni kuwa na san ki da littafi jingine a jikin keke, ƙafa tana aiki, ido yana satar layi. Labarin kisan kai na zamanin da shi ne abincinki. Da kin gano wanda ya yi kisan sai ki kira ni, ko ina tsakiyar aji ina koyarwa. In kin kama shi kafin rabin littafi, kin gama da marubucin ke nan, sai ki ce, "Wannan ya raina mana hankali, Auta."

Saboda haka da na rubuta nawa, sai na kawo miki. Labari ne na wani attajiri da aka tsinci gawarsa a rijiyar masaukin fatake, shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma cikin fataken akwai wani mai turare. Na ce miki mai ɗab'i yana jira, amma ba zan sake shi ba sai kin yi magana. Kika yaba yadda na zana masaukin, har kika ce kina jin warin raƙuma. Kika kushe alƙalin, wai surutunsa ya yi yawa. Daga nan shiru. Kullum wayata ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, Yaya ta kama shi. Ashe kiran da zai zo ba naki ba ne.

Bayan an share makoki na tambayi 'yarki ko kin ce wani abu. Ta ce ba ki ko kai rabi ba ciwo ya kwantar da ke, amma kin bar saƙo: "Ki gaya wa Auta, in mai turare ne ya yi kisan, kada ta buga. Tun shigowarsa labarin take ta wanke shi daga zargi, ko yaro zai gane."

Yaya, mai turaren ne.

Na kira mai ɗab'i na ce ya dakata. Yanzu ina zaune da gawa a rijiya, babu wanda ya kashe ta, kuma ina tsoro. Duk wanda na ba ya karanta cewa yake ya yi daɗi. Wa zai sake gaya mini gaskiya ba tare da ya ji nauyina ba?

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa tufafin da kika ɗinka wa marayu su zame miki sutura ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki da 'ya'yanki, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Har yau in wayata ta yi ƙara, sunanki nake fara dubawa.